Cessna 150 ko 152: wanne ne mai araha da gaske?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce ka gama koyon tuƙi, kana son ɗan jirgi mai kujera biyu, tokumbo, da za ka ajiye a Jos. Tallace-tallace biyu ka turo daga Amurka: Cessna 150 ƙirar 1974 a kan dala 38,000, injinsa ya yi awa 1,650 bayan garambawul, da Cessna 152 ƙirar 1979 a kan dala 70,000, injinsa ya yi awa 600. Sai wani Piper Tomahawk da dillalin ya ce zai yi maka ragi.

Ni dai kafin in kalli fenti ko kujera, awoyin inji nake fara dubawa, don rabin kuɗin ƙaramin jirgi a hancinsa yake. Cessna 150 yana ɗauke da Continental O-200 mai ƙarfin doki 100, kuma wa'adin da aka saba ba shi kafin garambawul awa 1,800 ne. Naka ke nan saura awa 150. Shi kuwa 152, Lycoming O-235 ne mai ƙarfin doki 110, wa'adinsa na kaiwa awa 2,400, wato akwai sauran awa 1,800 a gabansa. A ɗauka garambawul zai ci dala 30,000. Ɗora ta a kan 38,000, ka ga har ka taɓo farashin ɗayan, ba a ma yi maganar kwance injin a tura shi waje a dawo da shi ba, jirgi na zaune watanni. Araha dai ba ta ado. Ka kuma tambayi shekarar da aka yi garambawul ɗin, don kamfanonin injin suna ba da shawarar a sake bayan shekara 12 ko da awoyi ba su cika ba. Injin da ya daɗe a ajiye tsatsa ke cinsa ta ciki.

A jiki kuwa wa da ƙane ne. An ƙera 150 daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1977, sama da guda 23,000, sannan 152 ya gaje shi har 1985, kimanin 7,500. Yawan nan alheri ne gare ka, domin kayan gyara ba sa wuya a kasuwar duniya, kuma da ƙyar ka sami makanikin ƙananan jirage da bai taɓa sa hannu a kansu ba. Makarantun tuƙi sun fi neman 152, shi ya sa yake riƙe daraja ranar da za ka sayar.

To amma kai a Jos kake, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Filin Yakubu Gowon da ke Heipang yana sama da ƙafa 4,200 daga teku, na Abuja kuwa kaɗan ya ɗara 1,100. Irin waɗannan injina suna rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsu a duk ƙafa 1,000. Da azahar a watan Maris, zafi ya kai digiri 30, jirgin ji zai yi kamar yana ƙafa 7,000, dokinka 100 ya koma wajen 80. Titin yana da tsawo, tashi za ka tashi, amma hawan kamar tsohuwar tifa ce da lodin yashi a kan Hawan Kibo. A nan doki 10 ɗin da 152 ya ɗara ba abin rainawa ba ne.

Ga lodi. Iyakar nauyin 150 fam 1,600 ne, na 152 fam 1,670. A 150, in ka cika tanki, abin da ya rage wa mutane bai wuce kilo 155 ba. Kai da wani ƙato irinka kun wuce, sai an rage mai. Kafaɗa kuma za ta riƙa gogar kafaɗa, ka manta da babbar riga.

Tomahawk ya fi su faɗin ciki, fiffikensa a ƙasa yake, gani ya fi fita, inji kuma dangin na 152 ne. Sai dai daga 1978 zuwa 1982 kawai aka yi shi, bai kai 2,500 ba, kuma fiffikensa na da iyakar awa 11,000. Yawancinsu a makarantu suka ƙare ƙuruciya. In dillalin bai faɗa maka jimlar awoyin jikin jirgin ba, a nan ragin nasa ya ɓuya.

Abin da tallar ba za ta gaya maka ba shi ne mai. Duk ukun avgas suke sha, wato fetur ɗin ƙananan jirage, wajen galan 6 a awa, filayenmu kuwa Jet A1 suka sani, wato kananzir ɗin manyan jirage. Samun avgas a Nijeriya aiki ne, sau da yawa a durom, da tsada. Ba banza kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ta karkata ga jiragen Diamond masu shan Jet A1 ba. Na taɓa kwance filogan wani 152, na tarar da dalma ta dunƙule a bakinsu kamar ƙwayar gero, sai da na bi su ɗaya-ɗaya da tsinke. Halin injin ne da man 100LL, wato avgas ɗin da ke ɗauke da dalma, ƙaramin aiki ne amma mai maimaituwa.

Da ni ne, 152 ɗin zan bi, in matsa farashi. 150 sai in kai kaɗai za ka riƙa tashi da sanyin safiya, kuma masu sayarwa sun sauko da farashi sosai saboda injin. Kowanne ka zaɓa, kada ka sayi kifi a ruwa: ka biya injiniyanka, ba na mai sayarwa ba, ya buɗe ƙasan kujeru da cikin fiffike ya nemi tsatsa, ya karanta littattafan tarihin jirgin daga shafin farko. In akwai shekarun da suka ɓata a ciki, ka janye. Kuma ka je ofishin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, a nan Abuja tun kafin ka tura ko sisi, ka ji sharuɗɗan shigo da shi da rajistar 5N, wato lambar jiragen Nijeriya, ka haɗa kuɗin kwantena, kwastam, sake harhaɗawa da inshora, sannan ka turo min jimlar mu sake zama.