Gilashin ƙofa ya ƙi motsi: laifin wuta ne ko na ƙarfe?

Malam, ka ce gilashin ƙofar gefen fasinja na tsohuwar bas ɗinka ya maƙale a rabi, mai wayarin ya ce swici ne, bakanike kuma ya ce a sauya moton da ke motsa gilashin da ƙarfen da ke ɗaga shi gaba ɗaya, kana neman sanin maganar wa za ka ɗauka. Kowannensu yana iya yin gaskiya, sai dai alamomin matsalar wuta daban suke da na matsalar ƙarfe, kuma za ka iya rarrabe su da kunnenka da idonka kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya.

Ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama ba tare da ka tayar da injin ba, ka kunna fitilar cikin mota, sannan ka danna swicin kana kallon fitilar. Idan shiru ka ji kuma hasken bai canza ba, wuta ba ta ratsa moton, saboda haka zargi ya koma kan fiyus, swici, waya ko kabon ɗin moton, wato guntayen da ke kai wuta ga sashensa mai juyawa. Idan hasken ya ɗan dusashe amma gilashin bai gusa ba, wuta ta isa, moton yana ƙoƙarin juyawa, wani abu ne ya riƙe shi. Idan kuwa kana jin moton yana gudu, ko kana jin ƙarar gurzawa da ƙas-ƙas daga cikin ƙofa alhali gilashin yana nan inda yake, to mai wayarin ba shi da aiki a nan.

Ɓangaren wuta ya fi yawan ruɗarwa, shi ya sa zan fi tsayawa a kansa. Fiyus ba safai yake zama sanadi ba idan gilashi ɗaya ne ya tsaya, domin a yawancin tsofaffin motoci fiyus ɗaya ne, mai amfiya 20 zuwa 30, yake ciyar da duka gilasan, kuma idan ya ƙone dukkansu suke mutuwa tare. Swici shi ne abin dubawa na gaba, kuma gwajinsa mai sauƙi ne tunda gilashin fasinja yana da swici biyu, ɗaya a ƙofarsa, ɗaya a ƙofar direba. Idan ɗaya yana aiki ɗaya ba ya yi, galibi ka gano mai laifi. Idan duka biyun sun yi shiru, kada ka yi saurin wanke na direba, domin a motoci da dama layin swicin fasinja ta cikinsa yake bi, kuma a can ne maɓallin kulle gilasai yake, wanda sau da yawa gwiwar hannu ke dannawa ba a sani ba.

Wurin da aka fi mantawa da shi a tsohuwar mota shi ne robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda wayoyi ke bi ta cikinta. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa wayoyin take yi, har tagullar ciki ta karye alhali fatar wayar tana nan lafiya ƙalau. Ka riƙe swicin a danne, ka riƙa buɗe ƙofar a hankali. Idan gilashin ya zabura a wani matsayi, wayar ce, kuma ɗinke ta ya wadatar. Ƙofar direba ce ta fi fuskantar wannan saboda ita aka fi buɗewa.

Shi moton yana da nasa halin. Idan ka riƙe swicin ka bubbuga jikin ƙofar da tafin hannu sai gilashin ya motsa, kabon ɗinsa ne ya cinye, kuma wannan farfaɗowar ta ɗan lokaci ce. Hukunci na ƙarshe shi ne a cire murfin cikin ƙofa a ba wa wayoyin moton biyu volt 12 kai tsaye daga batir, ta wayar da aka sanya wa fiyus. Lafiyayyen moto zai juya, idan an musanya wayoyin kuma ya juya baya.

Matsalar ƙarfe ba ta ɓuya haka. Gilashin yakan karkace, ko ya yi ta jan jiki a hankali, ko ya zurma cikin ƙofa gaba ɗaya. Regileta, wato ƙarfen da ke ɗaga gilashin, iri biyu ce: akwai mai siffar almakashi wadda haƙoranta ke cinyewa, akwai mai kebul wadda kebul ɗinta ke tsinkewa ko robobin da ke riƙe gilashi su fashe. Mai almakashin takan zo da sifirin mai ƙarfi, kuma idan aka cire moton ba tare da an kulle hannayenta ba, tana iya datse yatsa, don haka wannan aikin na wanda ya saba ne. Jan jiki kaɗai kuwa sau da yawa datti ne da bushewar robar da gilashi ke bi. A wanke ta a fesa man silikon, ban da giris ko man inji, domin suna kumbura roba suna kuma tara ƙura.

A ganina, tunda ba ka ambaci wata ƙara ko karkacewar gilashi ba, ka fara da mai wayarin, amma ka ce masa ya auna wuta a bakin soket ɗin moton yayin da kake danna swici sama da ƙasa kafin ka sayi komai. Idan mita ta nuna volt 12 a duka ɓangarorin biyu kuma moton ya yi shiru, a nan ne maganar bakanike ta tabbata.