MBA na ƙarshen mako, ko a ajiye aiki a koma aji?

Malam, ka ce kana aikin banki a nan Kaduna, ga iyali, kana tunanin ko ka yi MBA (digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci) na ƙarshen mako ko ka ajiye aiki ka yi na cikakken lokaci. Ni dai a ganina kada ka saki aikinka.

Na cikakken lokaci yana da daɗinsa: hankali wuri ɗaya, kuma ana gamawa da wuri. Sai dai albashi zai tsaya, kuɗin haya da na makarantar yara kuwa ba za su tsaya ba. Wanda wannan hanya ta fi dacewa da shi shi ne ma'aikacin gwamnati da ya samu hutun karatu da albashinsa.

Na ƙarshen mako kuwa akwai wuya, kada wani ya ruɗe ka. Biki da suna da zumunci duk sai ka ba da haƙuri. In ABU ka zaɓa, ka shirya wa hanyar Zariya, kusan kilomita 80 daga Kawo. KASU, jami'ar jihar Kaduna, tana cikin gari, NOUN, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, kuma karatu ne daga nesa. Amma ga inda ya fi ɗan'uwansa. Ranar Asabar malami ya nuna muku bambancin riba da kuɗin hannu. Ranar Litinin ga ɗan kasuwa daga Kasuwar Sheikh Gumi a gabanka yana neman rance, littafinsa cike da riba, aljihu babu ko sisi, domin kaya duk sun fita bashi. Nan take za ka gane ciwon, har ka san tambayar da za ka yi masa. Wanda ya ajiye aiki sai ya jira ya samu wani kafin ya taɓa irin wannan da hannunsa. Ga kuma abokan aji, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, waɗanda za ka daɗe kana cin moriyar saninsu.

Maigidanka ma ya ci riba, tunda kana bakin aiki, kuma kana iya yin binciken kammalawa a kan wata matsala ta reshenku. Abin da ke damuna shi ne shugabannin da ke barin mutum a kujera ɗaya bayan ya gama. Sun horar wa wani kamfani ke nan.

Kafin ka biya ko kwabo, ka tabbata NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin, ka kuma nemi izinin wurin aiki a rubuce. Za a nemi takardar NYSC, mai HND kuma yawanci sai ya fara da PGD, wato difloma ta gaba da digiri. In kuma koyarwa a jami'a da digirin digirgir ne burinka, to MSc, digiri na biyu na bincike, za ka nema, ba MBA ba.