Madubin likita XSZ-107BN: ya isa ganin bununi, amma bai isa kotu ba

Duk wanda ya leƙa ɗakunan gwaji na makarantu da ƙananan asibitoci a Jos ya san wannan madubin likita mai ido biyu, ƙirar China. Yana zuwa da gilasan ƙasa huɗu, 4x, 10x, 40x da 100x, sai na ido 10x da 16x, da ƙwan halojin mai wat 20. Tambayar da malaman bayoloji da masu harkar zuma ke yawan yi ita ce ko zai iya aikin bununi, wato garin nan da ɓangaren namiji na fure ke zubarwa, iska ko ƙudan zuma su kai shi kan ɓangaren mace a samu barbara. Manomi ya san shi a kan masara da gero, mai dabino kuma da hannunsa yake ɗaura shi a kan macen. Amsar ita ce zai iya, amma da iyaka.

Girman ƙwayar bununi yawanci tsakanin maikiron 10 zuwa 100 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), don haka a 400x aikin yake, wato gilashin ƙasa 40x haɗe da na ido 10x, kuma nan ne madubin ya fi kyau. A kaɗa furen kuɓewa ko yakuwa a kan gilashi, a ɗiga barasar gwaji ta wanke maiƙon da ke jikin ƙwayoyin, a bari ta bushe, a sa ɗan guntun jelin gilisarin mai jan rinin safranin, a ɗumama har ya narke, a rufe. Abin da zai fito ƙwallo ne mai ƙayoyi kamar bushiya. Na masara santsi ne, da rami ɗaya tak. Na bagaruwa kuwa a dunƙule yake, ƙwayoyi da yawa manne da juna. Wanda ya fi burge ɗalibai shi ne na itacen fayin, mai ganye kamar allura, da aka dasa a tsaunukan Filato: jakunkunan iska biyu gare shi kamar kunnuwa, shi ya sa yake tafiya mai nisa. Kada a zafafa jelin har ya tafasa, kumfa zai cika gilashin.

Ga zuma ma ya wadatar. A narkar da giram 10 cikin ruwan ɗumi mililita 20, a juya a santirifuj, na'urar da ke wulwulawa har laka ta kwanta, minti 10, a zubar da ruwan sama, a shafa lakar a gilashi, a ƙirga ƙwayoyi 500. Irin da ya haura kashi 45 cikin 100 shi ne furen da ya rinjaya. Zumar da kusan babu komai a lakarta, ko dai an tace ta fiye da kima ko an yi mata algus da sukari, sai a tura ta gwajin sinadari.

Aibobinsa sanannu ne. Gilasan ido na 16x ado ne kawai. 1600x ɗin da masu sayarwa ke kambamawa hoto ne ya kumbura, ba wani sabon abu da zai bayyana. Gefen hoto yana dushewa, dole a jawo ƙwayar tsakiya. Ƙwan yana zafi, yana busar da samfurin da aka haɗa da ruwa, ga shi ba batir, da an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Ba ya kuma zuwa da ma'aunin da ake sawa cikin gilashin ido, alhali ba a tantance bununi ba tare da awo ba. A saye shi daban. Da damina a ajiye madubin cikin akwati da ƙullin silika mai tsotse danshi, in ba haka ba fumfuna za ta ci gilasan.

Batun binciken laifi fa? Ɓawon ƙwayar bununi ba ya ruɓewa da sauƙi, yana maƙalewa a taɓon takalmi, gashi, tayar mota, har cikin hanci. A 1959 a Ostiriya, wani mutum ya ɓace a yankin kogin Danube. Masani Wilhelm Klaus ya duba lakar takalmin wanda ake zargi, ya tarar da bununin itatuwan bakin ruwa haɗe da wani daɗaɗɗe mai kimanin shekara miliyan 20, haɗin da ya nuna wani ɗan yanki a arewacin Biyana, babban birnin ƙasar. Mutumin ya amsa laifinsa, ya nuna inda gawar take.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin madubin nan, kuma ba laifin gilashi ba ne kaɗai. Dawa, gero, acca da ciyawar daji duk rami ɗaya gare su, kusan kamanninsu ɗaya. Iyakarka ka ce dangin ciyawa ne. Samfurin ƙasa yana buƙatar wanki da asid, ciki har da haɗin Erdtman, kashi 9 na asetik anhaidiraid da kashi 1 na salfurik, wanda ke fashewa idan ya taɓa ruwa, don haka sai a akwatin zuƙe hayaƙi. Sannan ga hunturu: taga ɗaya a buɗe ta isa ta zubo bununin wata unguwa cikin samfurin, lauyan wanda ake tuhuma kuwa nan zai fara kamawa. Sai an yi sabon safar hannu ga kowane samfur, ambulan takarda maimakon leda don kada danshi ya kawo fumfuna, da tarin gilasan tsirran yankin da aka riga aka tantance domin kwatance. Makarantar da ta sayi madubin nan za ta iya fara haɗa wannan tarin tun daga furannin harabarta, kowane gilashi da sunan tsiron, wurin da aka tsinko shi da kwanan wata.