Fitilar Tankin Murjani: Kunnawa Gaba Ɗaya ko Ƙarawa a Hankali?

Murjani, halittar teku da ake kiwo a tankin ruwa, yana rayuwa ne da taimakon wata 'yar ƙaramar gansakuka da ke cikin jikinsa, ita ce ke mai da haske abinci. In hasken ya yi mata yawa, murjanin ya kore ta, ya koɗe ya yi fari fat.

Hanya ta farko ta ba shi haske ita ce taima, wato na'urar lokaci mai kunna fitila da kashe ta lokaci guda, awa 8 zuwa 10 a rana. Ba tsada, ba ciwon kai, kuma murjani masu laushi suna jurewa. Sai dai kifi na razana duk lokacin da haske ya faɗo musu kwatsam.

Ta biyu kuwa fitilar LED ce da ake saitawa ta fara da shuɗin haske mai rauni, ta yi ta ƙaruwa har tsakar rana, sannan ta dusashe. Awa 12 ba laifi, tunda ƙarfinta na 'yan awanni ne kawai. Ga murjani nau'in Acropora mai son haske sosai, wannan na fi so, musamman da yake ana iya rage wa sabon murjani haske na makonni kafin ya saba. Matsalarta mai tankin ne: yawan taɓa saiti kullum yana wahalar da murjani fiye da fitilar kanta.