Sarkin Fenguwin da Shaiɗanin Tasmaniya

Wajen renon 'ya'ya ne waɗannan halittu biyu suka fi shan bamban. Sarkin fenguwin (emperor penguin) tsuntsu ne na Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, ba ya tashi sama, tsayinsa kan haura mita ɗaya. Ƙwai ɗaya tak macen ke sakawa, ta miƙa wa namiji, ta tafi teku neman abinci. Shi kuwa ya ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, ya lulluɓe da fatar cikinsa, ya shafe wata biyu a tsaye cikin tsananin hunturu, bakinsa bai taɓa komai ba. Wannan juriya tana ba ni mamaki ƙwarai.

Shaiɗanin Tasmaniya, wata dabba mai shayarwa ta tsibirin Tasmaniya da ke ƙasar Ostireliya, mai cin nama da mushe ne, da wuya nauyinsa ya wuce kilo 12. Bayan cikin kwana 21, uwar kan haifi 'ya'ya 20 zuwa 30, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, su rarrafa cikin jakar cikinta. Nonuwa huɗu kawai ke ciki, wanda bai samu ba sai mutuwa.

Tun 1996 ciwon dajin fuska mai yaɗuwa ta cizo ke ƙarar da shaiɗanin. Fenguwin kuma ƙanƙarar teku ce ke narke masa da wuri, 'ya'yansa su nutse kafin su yi gashin da ruwa ba ya ratsawa.