Sabon direba ko kuɗin koci, ga mai shirin zama ƙwararre a golf

Ƙanena, kan batun ko ka sayi sabon direba, wato sandar golf ta bugun nisa, ko ka biya koci, tunda bugunka na watsewa a ranar gasa: ka biya koci. Duka biyun sun ci kuɗina, ba labari aka ba ni ba.

Direba dai sanda ce mai kyau, ban hana ba. Tawa tana nan cikin jaka, takan ƙara min 'yar tazara ranar da hannu ya zauna. Iyakar abin da ta yi min ke nan.

Yi lissafi da kanka. Filin da ke da rami 18, wanda aka ƙiyasta masa bugu 72, galibi yana da gajerun ramuka huɗu da ba a zaro direba a kansu. Wato in ka matsa, sau 14 za ka buga da ita. Amma a cikin bugu 72 ɗin nan, 36 na gangara ƙwallo cikin rami ne, biyu a kowane rami. Doka ta yarda ka ɗauki sanda 14, don me za ka juye kuɗinka kan guda ɗaya?

Wanda ya gyara ni wani dattijo ne a nan Kaduna, da ɗaukar wa manya jaka ya fara tun yana yaro. Sanduna biyu ya shimfiɗa a ƙasa, ɗaya a bakin ƙafafuna, ɗaya tana kallon tutar da ke nuna rami, ya kafa wayata a bayana daidai tsayin hannu, ya ce in buga. Da muka kalli bidiyon a hankali, sai ga abin ƙarara: in hankalina kwance yake, sanda kan ɗan tsaya a sama kafin ta sauko. Da ya ce mu yi gasa, wanda ya faɗi shi zai sayi tsire, sai kafaɗa ta riga ƙugu juyawa, sanda ta yanko ƙwallo daga waje, fuskarta a buɗe, ƙwallo ta lanƙwasa dama ta shige itatuwa. Dariya kawai ya yi, ya ce yanzu ya ga ainihin buguna. Babu sandar da za ta nuna maka wannan, ko nawa ka saye ta.

Ya kuma hana ni jera ƙwallo ina dukansu da sanda ɗaya a filin atisaye. A gasa kowace ƙwallo sau ɗaya ake ba ka, da sanda daban, bayan ka yi tafiya kana tunanin wadda ka ɓata. To haka za ka riƙa atisaye: canja sanda a kowane bugu, zaɓi wurin da kake so ta sauka, ja numfashi iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya.

Sai dai ka shirya haƙuri, don makinka zai fara lalacewa kafin ya gyaru. Nick Faldo na Ingila ya sake bugunsa daga tushe tare da kocinsa David Leadbetter a tsakiyar shekarun 1980, ya yi kusan shekara uku bai ci gasa ba. A 1987 ya ci babbar gasar Open a filin Muirfield na Scotland, kuma a ranar ƙarshe duka ramuka 18 bai ƙara ba bai rage ba a kan bugun da aka ƙiyasta musu.

In ka dage sai ka sayi direban, ka yi hattara da masu tallar sandunan kamfanonin TaylorMade da Callaway a Facebook da WhatsApp da sunan gwanjon Amurka, jabu sun yi yawa. Kar ka tura ko sisi sai sanda na hannunka. Tafi da maganaɗisu: fuskar direba ta asali galibi titaniyom ce ko kabon, ba ya kama ta. Kuma kar ka yarda da gwajin lokacin hunturu. Ƙasa ta bushe, kowace sanda nisa take bayarwa, mai sayarwa ya san da haka. Damina na sauka ƙwallo za ta riƙa tsayawa inda ta faɗi.

Nemi koci ɗaya ka tsaya a kansa, ka sayi ƙafar ɗora waya, ragowar kuɗin ka ajiye na rajistar gasa da na mota zuwa Abuja ko Jos.