Na jan ƙarfe ko na dalma? Amsa ga Alhajin da zai tafi farauta Namibiya

Alhaji, barka da war haka. Tunda masu gonar farautar sun ce mai awon .308 ce bindigar da za su ara maka, kuma sun ba ka zaɓi tsakanin harsashin dalma mai giren 180 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da na jan ƙarfe mai giren 150, ka ce su ajiye maka na jan ƙarfen. Kwali biyu, guda arba'in ke nan, kuma su duba lambar rukunin da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya. Kada rashin nauyinsa ya sa ka raina shi, domin rashin nauyin nan da gangan ne.

Giren 180 gram 11.7 ne, giren 150 kuwa gram 9.7. A cikin kwali na dalmar ya fi nauyi, amma nauyin da ke aiki shi ne wanda ya rage bayan harsashi ya ratsa fata, ya karya ƙashin kafaɗa. Harsashin dalma na gama-gari dalma ce a ciki, an sa mata siririyar riga ta jan ƙarfe. Da ya daki dabba sai rigar ta tsage, dalmar ta riƙa zubewa a hanya, ya yar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, wani lokaci har kashi arba'in cikin ɗari idan ya haɗu da ƙashi a kusa. Wato 180 ɗin nan yana iya ƙarewa a 120 ko ƙasa. Na jan ƙarfe dunƙule ɗaya ne daga kai har gindi, da rami a hancinsa, mafi yawa an toshe ramin da ɗan tsinin roba. Yana shiga nama robar ta dannu ciki, hancin ya buɗe gida huɗu, sauran jikin ya ci gaba da tafiya a miƙe. Yakan riƙe kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa ko fiye. To ka ga kafin a kai kafaɗa ta biyu, ƙaramin ya zama babba.

Shi nake cewa a ajiye min a can, kuma ban ga abin da zai sa in canja ba. Ba kasafai ake samun sa a jikin dabba ba ma, saboda yawanci ficewa yake yi ta ɗaya gefen. Amma idan ya tsaya, a ƙarƙashin fatar can gefen mai fiɗa yake jin sa da yatsa, wani ɗan kumburi mai tauri. In aka zaro aka wanke, za ka ga kunnuwa huɗu sun naɗe baya kamar furen kabewa, bakinsu da kaifi har yana iya yankar yatsa, faɗinsa ya kusa ninka na asali, gindinsa kuwa lafiya lau da zanen bututun bindiga a jikinsa. Ka ɗora a ma'auni ka ga 146 ko 148. Ka duba huhun dabbar, hanya ce ɗaya miƙaƙƙiya, babu ɓurɓushi mai toka-toka a kewaye.

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su ce tunda 180 suka saba da shi a dalma, to a ba su 180 a jan ƙarfe. Dalma ta fi jan ƙarfe nauyi: gram 11.3 a kowace santimita kubik, jan ƙarfe kuwa bai cika gram 9 ba. Tunda kaurin harsashi ba ya canjawa, dole na jan ƙarfe ya fi tsawo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kafin ya kamo nauyin ɗan'uwansa. Tsawon nan yana cinye wurin albarushi a cikin kwanso, kwanson .308 kuwa dama gajere ne, sai gudu ya ragu. Jan ƙarfe kuma ya fi dalma tauri, gudu ne ke buɗe shi. Masu ƙera shi sukan ce yana buɗewa har a gudun ƙafa 1,800 a daƙiƙa, amma buɗewar da ake samu a nan ƴar kaɗan ce. Ka riƙe ƙafa 2,000, wato kusan mita 600 a daƙiƙa, a matsayin iyakar gudun da zai daki dabba da shi. Ƙasa da haka yana iya ratsawa ya fita da ɗan rami kamar yadda ya shiga, dabba ta tafi da rauni, jini bai zuba ba balle a bi sawu.

Ga lissafin a .308. Mai giren 150 yana barin bakin bindiga da kusan mita 860 a daƙiƙa, kuma ba ya saukowa 600 sai wajen mita 350. Mai 130 yana fita da kusan 950. Mai 180 na jan ƙarfe da ƙyar yake kai 790, kafin mita 300 ya riga ya iso bakin iyaka. Alkaluman jikin kwali kuma da doguwar bindiga ake auna su, mai bututun inci 24. Idan wadda za a ara maka gajera ce, mai inci 20 ko 18 da aka yanke don a sa mata marage ƙara, ka cire kusan mita 8 a daƙiƙa a kan kowane inci. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a sauko mataki ɗaya ko biyu: mai 180 a dalma ya koma 150, mai 150 ya koma 130. Kai dai ka tsaya a mita 250 zuwa ƙasa, duk abin da ya wuce nan ka ce wa jagoranka ku ƙara matsawa.

Akwai kuma maganar murɗiyar cikin bututu, wadda ke juya harsashi don ya tafi a miƙe. Bindigogin .308 da yawa zagaye ɗaya suke yi a inci 12, wasu a inci 10. Dogon harsashi yana son juyi mai sauri. Mai 150 ba ya samun matsala a ko wacce, amma mai 180 na jan ƙarfe a bututun inci 12 yana iya yin tangaɗi, alamarsa ita ce ramin da zai yi a takardar gwaji ya fito a jirkice, ba zagayayye ba.

Ta fuskar doka ma kana cikin sarari. Namibiya tana neman ƙarfin jul 2,700 a bakin bindiga don manyan dabbobi irin kanki da oriks, wato maririn can, shi kuwa mai 150 yana ba da sama da 3,500. Namijin oriks yana kai kilo 200, ga fata mai kauri a wuya da kafaɗa, ga taurin rai. Zuciyarsa da huhunsa suna gaba, tsakanin kafaɗu, ba a bayan kafaɗa ba kamar yadda ake nunawa a bidiyon masu farautar barewar Amurka. Ka bi ƙafar gaba da ido ka hau, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na jiki daga ƙasa. Nan akwai ƙashi, kuma nan ne jan ƙarfe ke nuna kansa: ƙashin yana taimaka masa ya buɗe, ya karya, ya wuce. Duk da haka kada ka sa ran dabba ta zube nan take. Wadda aka samu a huhu tana iya gudun mita 50 zuwa 100, amma da rami biyu jini yana zuba a ƙasa, mai bin sawu ba ya wahala. Ka yi bismillah kafin ka ja kunama, wuƙa mai kaifi tana ƙugu, in kun tarar da sauran rai a yanka nan da nan.

Na dalma kuwa, ba a ce ba ya kisa ba. Ya fi araha, kowane kanti akwai shi, yana buɗewa ko da gudu ya ragu, kuma ƙananan barewa sukan faɗi da wuri saboda tarwatsewarsa. Masu kyau a cikinsa, irin Nosler Partition da ake yi tun 1948, suna riƙe gindinsu su ratsa. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Abin da ya raba ni da shi nama ne. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka ta yi gwaji a kan gawarwakin tumaki, aka ɗauki hotonsu da na'urar asibiti, aka ga ɓurɓushin dalma har nisan santimita 45 daga hanyar harsashi. Yawancinsa ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Wanki ba ya fitar da shi, wuta ba ta kashe shi, in kuma aka jiƙa naman da tsami sai dalmar ta ƙara narkewa. Naman gonakin nan ba kai kaɗai za ka ci ba, ma'aikata ne ke kai wa iyalansu, sauran a niƙa ko a shanya. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba ina cewa adadin ɗaya ba ne, na Zamfara ƙurar haƙar zinare ce da yara suka rayu a cikinta. Amma likitoci ba su da wani adadin dalma da suka ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro, kuma mai juna biyu tana isar da ita ga abin da ke cikinta. Kayan cikin da ake bari a daji kuma ungulu ke cinyewa. Saboda irin wannan ne, don ceton wata babbar ungulu tasu da ta kusa ƙarewa, jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 1 ga Yulin 2019.

Jan ƙarfen ma yana da halinsa. Ya fi tsada. Na farko da kamfanin Barnes ya fitar a 1989 yana barin dattin jan ƙarfe a bututu sosai, sai a 2003 suka fito da TSX mai zobba a jiki, waɗanda suka rage gogayya. Yanzu ko TTSX ne, ko Hornady CX, ko Nosler E-Tip, matsalar ta yi sauƙi, amma har yau ba ya son hawa kan dattin wani harsashi. Saboda haka ranar da ka sauka, ka sa a wanke bututun da maganin da ke narkar da jan ƙarfe, har sai tsumman ya daina fitowa shuɗi, a bushe shi. Ka harba biyu don bututu ya zauna, kada ka lissafa su. Sannan uku a takarda a mita 100, a kan buhun yashi, kana barin minti biyu tsakani kada bututu ya yi zafi. In ukun sun taru a cikin santimita 4, ya yi. Ka gyara madubin saiti su sauka santimita 4 zuwa 5 sama da tsakiya, hakan zai sa ka a daidai wajen mita 180, a 250 kuma ya faɗo da kusan tafin hannu. Kada ka yarda a ce maka ai an riga an saita bindigar, domin da 180 na dalma aka saita ta, kuma bambancin yana iya kai santimita 10 a mita 100, sama ko gefe. Bayan nan kada a sake wanke ta sai an gama farauta, kuma kada ka cakuɗa iri biyu a aljihu ɗaya. Tunda kuma ficewa yake yi, ka duba bayan dabbar kafin ka harba. A garke, harbi ɗaya yana iya raunata biyu, kuma a gonakin can duk dabbar da ka zubar wa jini sai ka biya kuɗinta, an same ta ko ba a same ta ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da ƴan damfara. Kowane harsashi ja ne a ido, don haka akwai masu miƙo na soja, mai dalma a ciki da cikakkiyar riga, su ce na jan ƙarfe ne. Wannan ba ya buɗewa sam, raunata dabba kawai yake yi, kuma dokar farautar can ba ta yarda da shi ba. Na gaske yana da rami ko tsinin roba a hanci, kuma kwalin yana faɗa a fili cewa babu dalma. Tsinin roba kaɗai ba shaida ba ne, na dalma da yawa suna da shi. Akwai kuma masu cika tsofaffin kwanso a gida su zuba a kwalin kamfani. Ka juya gindinsu ka karanta tambarin: in ka ga sunaye daban-daban a kwali ɗaya, ko kwanso mai ƙuje-ƙuje, ko wani ya fi wani tsawo, ka mayar. Albarushin da ba ka san wanda ya auna shi ba, a gaban fuskarka zai tashi.

A nan gida kuwa, duk wanda ya biyo ka ta akwatin saƙo bayan wannan magana ya ce yana da kaya a Kano, zai kawo maka har gida, ka toshe shi. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu awon 7.62 da .303 cikin haramtattu, .308 kuwa awonta ɗaya da 7.62, kuma riƙe harsashi ba lasisi laifi ne na ɗauri ko da ƙwaya ɗaya ce. Ka saya a can, ta hannun mai gonar da ke da lasisi, abin da ya rage ka bar masa. Daren da za ka taso ka zazzage jakarka da aljihun rigunan daji ɗaya bayan ɗaya, har da cikin takalmi, domin ko kwanso marar komai na'urar filin jirgi tana nuna shi, a Winduk ko a Malam Aminu Kano. Allah ya kai ka lafiya, Alhaji, ya dawo mana da kai lafiya.